Bin Sawun Zainab

Gyadi-Gyadi, Laraba

Ɗalibata Rukayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da 'yar jaririya. Yaya koyarwa a Unguwar Gano? Allah Ya ƙara haƙuri.

Kin tambaye ni yadda za ki koya wa ajinki kalmar investigate. Yawancin mutane sun ɗauka kama mai laifi kawai take nufi, don a bakin 'yan sanda suka fi jin ta. To, likita ma yana yi in ya tura ki gwajin jini, bakanike yana yi in ya kasa kunne ga injin Adaidaita Sahu. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta bin sawu. Ki ce musu bincike ne don gano dalili.

Ni kuwa kalmar nan ta hana ni sakat. Shekaranjiya shugaban makarantarmu ya turo mini takarda, ya rubuta ta a kai da jan biro, ita kaɗai. 'Yan mata bakwai ne na ajin ƙarshe ke ɓacewa in an fita hutun tara, sai rabin darasi ya wuce su dawo. Jagorarsu Zainab, wadda ta fi kowa iya rubutu a ajina. An ja mata kunne sau uku. Litinin za a kore ta, ga jarrabawar fita saura wata uku.

Malam Ƙasimu mai ladabtarwa ya ce kada in wahalar da gwiwoyina, ai ko mai gadi ya san wajen samari suke zuwa, in jera sunaye in sa hannu. Wallahi na so in yi. Na gaji, Rukayya.

Taki,
Malama Saratu


Gyadi-Gyadi, Juma'a

Rukayya,

Sallama da fatan alheri. Yaya zazzaɓin yarinyar?

Jiya na bi su. Kunya ce ta sa, tunda ni na rubuta miki maganar bin sawu. Na ja mayafi na bi su daga nesa, ina haki, har wani lungu a Darmanawa. Suka shige wani gida, na yi sallama na shiga.

Layi na tarar sun yi a ƙofar banɗaki a tsakar gida, kowacce riƙe da buta. Gidan kakar Zainab ne, Inna Huraira. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ko ni ma layin zan bi, in kuwa haka ne in koma baya, ba ta san malama ba.

Ashe ƙyauren banɗakin 'yan mata ya faɗi tun zangon da ya wuce, ƙofar kuma tana kallon filin da maza ke ƙwallo. Wasu daga cikin 'yan matan ko ruwa ba sa sha da safe. Da na koma na zagaya bayan azuzuwa na gani da idona. Shekarata goma sha shida a makarantar nan, makullin banɗakin malamai yana jakata, ban taɓa leƙa na 'yan matan ba.

Na rubuta rahoto shafi ɗaya. Ban sa sunan kowa ba.

Malamarki,
Saratu


Gyadi-Gyadi, Talata

Rukayya,

Ina gaishe ki, na ji daɗi da jikin yarinyar ya yi sauƙi.

Ba a kori Zainab ba, alhamdu lillahi. Shugaba ya karanta, sannan ya ɗauki jan bironsa ya sake rubuta kalmar nan a kan rahotona, ya tura wa kwamiti su binciki maganar ƙyaure. Ban san ranar zamansu ba. Na kawo tsohon labulen ɗakina, mai gadi ya kafa shi da ƙusa a ƙofar banɗakin nasu. Makullina na banɗakin malamai kuma yana hannun Zainab.

Na zaci za ta yi murna. Ta karɓa, ta gode, sannan ta sunkuyar da kai ta ce sau uku ana kiran ta ofis, ba wanda ya tambaye ta ina take zuwa, har ni.

In za ki koyar da kalmar, kada ki fara da allo. Gobe in an fita tara, ki ajiye alli ki zagaya bayan makarantarku da ƙafarki. Ki tambayi yarinya ɗaya. Sai ki rubuto mini abin da kika gani.

Ki gaida mutanen gida.

Taki har kullum,
Malama Saratu