Takardarka da na ɗauka a akwatin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya gwiwar nan taka? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raba ka da hawan benen makarantar nan. Mu nan lafiya lau. Babbar 'yarka ta wajena ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, Auta ya fara haƙori yana cizon kowa, Goggo kuma jinin ya sauka, bakin ne dai bai sauka ba.

Yaya, ka san bakina ya fi alƙalamina kaifi. Sau uku ina kiran wayarka, da ta fara ƙara sai in kashe. Ni da na taɓa sayar wa mai shagon takalma takalmi, yau magana ta gagare ni. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ka tuna shekarar da gobara ta cinye rumfata, na yi wata biyar a zaune, sai kuka ji na samu aikin sito a kamfanin sabulu. Kowa ya ce wayona ne, kai ma ka aiko da murna. Ba ka taɓa tambayar yadda wanda ya gudu daga makaranta a aji uku ya samu aikin da sai da takardar gama sakandare ba. Taka ce. Lokacin ka tafi kwas, ka bar ta a akwatin ƙarfen Inna, Allah Ya jiƙanta, ƙarƙashin zannuwanta. Na ɗauka ran Talata, na kai suka gani suka yi kwafi, na mayar ran Alhamis, ko ninkin zani ban ɓata ba. Na ce wata shida kawai, in haɗa jari in koma kasuwa. Wata shidan nan ya zama shekara goma sha bakwai, kuma duk kamfanin da sunanka suke kirana. Shi ya sa duk zuwan da ka yi ban bari ka biyo ni wurin aiki ba, kullum in ce manaja ba ya son baƙi.

Bara da na koma wurin dillalan kayan masarufi, su wanda ya san farashi suke nema, sai na shiga da sunana, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na manta da kuɗin fansho. Duk wata ana cirar wani abu a albashina, kamfani ya ƙara nasa, a zuba a asusu. Watan jiya takarda ta zo cewa kamfanin sabulu zai rufe asusun, duk wanda ya bar aiki ya mayar da kuɗinsa asusun sabon wurin aikinsa kafin ƙarshen wata mai zuwa. Da na ga adadin sai da na sake karantawa. Kuɗin nan su ne karatun yarinyar nan, su ne abin da zan ci ranar da ƙafa ta daina zagaya kasuwa.

Na sa sabuwar riga na tafi ofishin fansho. Benci uku ne da fanka mai kuka, aka ba ni lamba, na zauna tsakanin tsofaffi masu rungume da fayil. Da layi ya zo kaina, na iske wata mata mai tabarau a bayan gilashi. Na gaishe ta, na yaba rubutunta, na tambayi yara, duk dai irin tawa. Ta jera takardar tsohon wurin aiki da ta sabon, ta ɗora yatsa a kan kowane suna, ta ce kuɗi ba ya fita daga wani suna sai zuwa wannan sunan. Na ce kuskuren mai buga takarda ne. Ta tambaye ni a wane harafi ya yi kuskuren. Na tattara takarduna na yi kamar zan tafi, yadda muke yi a kasuwa don a kira mu. Har na kai ƙofa ba wanda ya kira ni, na dawo da ƙafata.

Sai ta buga sunan a kwamfuta, ta juyo mini da ita. Ga wani asusu mai suna ɗaya da wannan, ranar haihuwa ɗaya, sunan uwa ɗaya, malamin makaranta ne a wani gari, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ta tambaya ko na san shi. Na ce wana ne. Ban taɓa ganin gaskiya ta riga ni fitowa ba sai ranar. Ta ce idan aka rufe asusun a haka, za a ga mutum ɗaya yana karɓar albashi a gari biyu shekara goma sha bakwai, kuma duka asusun biyu za a riƙe har a gama bincike, binciken da kan ɗauki shekaru. Yaya, har da naka. Shekara talatin kana shaƙar alli, a ce ka zo ranar ritaya a hana ka guminka saboda ni. Tun ranar, mota ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko ni aka zo kamawa.

A bakin ofishin wani ɗan tsaye ya tare ni, ya ce zai haɗa mini takardar canjin suna mai tsohuwar kwanan wata, in ba shi kashi ɗaya cikin goma. Hali bai bar ni ba, sai da na taya shi har ya sauko rabi. Sannan na tambaye shi makomar ɗaya asusun, ya ce wannan matsalar mai shi ce. Na wuce na bar shi. Da na gaya wa uwar yara komai ina jiran ta fasa kuka, sai ta ce ai ta sani tun wankin wandona na farko, da ta tsinci takardar albashi a aljihu, jira take ta ga ranar da zan gaji.

Da na koma ofishin, mai tabarau ta ce hanya ɗaya ce. In rubuta abin da na yi da hannuna, in kawo shaidu biyu daga tsohon wurin aiki, kai kuma ka yi rantsuwa a kotu cewa ba ka taɓa aiki a kamfanin sabulu ba kuma ba ka da haƙƙi a kuɗin. Kwamiti zai zauna ran ashirin ga wata. Suna iya gyara sunan su mayar mini da kuɗin, suna iya cin tarata, suna iya miƙa ni ga 'yan sanda, sabbin iyayen gidana kuma dole su ji. Jiya na kai tawa takardar, Dogo direba da tsohon mai gadi sun sa hannu, Dogo yana ta tambayata to yanzu da wane suna zai kira ni.

Ga fom ɗin nan a ciki, na yi alama da fensir inda za ka sa hannu. Kada ka ce ka ara mini takardar don ka rufa mini asiri, wannan zai jawo ka ciki. Ka faɗi yadda aka yi, ba ka sani ba. Idan taka ta iso kafin ran ashirin, naka ya tsira ko me suka yanke a kaina. In ka sa hannu ba ka sake yi mini magana ba, ba ka zalunce ni ba, amma na fi tsoron wannan a kan 'yan sandan.

Ka gaishe da maiɗakinka, da Likita in ya zo hutu, da 'yan biyu, da Kawu mai agogo. Uwar yara da Goggo suna gaisuwa. Goggo ba ta sani ba tukuna, ka bar ni in gaya mata da kaina.

Ni ne ƙaninka, wanda ya yi shekara goma sha bakwai yana amsa sunanka, yau ya dawo maka da shi.