Zagayen da Ya Kauce wa Layin Bola

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara gaba ɗaya. Na ji an ce ciwon gwiwar nan ya sake taso maka, Allah ya sauwaƙe, ya sa kaffara ne. Don Allah ka rage hawan benen wurin aikin nan, shekarun ba na jiya ba ne. Mu nan duk lafiya muke, sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai rigimar tsufa. Tabarau ɗin da ka aiko mata ta sa shi kwana biyu ta ajiye, wai ba abin da ya tsinana mata sai nuna mata furfurar 'ya'yanta, ita kuma ba ta shirya ganin wannan ba. Auta ya samu aiki a garejin bakin titi, yanzu in ya dawo gida ba ya gaisawa da kowa sai ya wanke hannu sau uku. Baban yara ya gama gyaran rufin ɗakin tsakiya, ruwa ya daina sauka a kan gadon baƙi, saboda haka ba ka da sauran hujjar ƙin zuwa.

Yaya, ba don labarin gida kaɗai na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ne ya kamata ka fara ji, tunda maganar ta ƙungiyar nan ce ta shugabannin unguwa da ka sha wahalar kafawa shekara tara da suka wuce. Ka san da za ka tafi ka tsaya wa abokinka mai kantin taya aka ba shi shugabanci, ni kuma bara suka ɗora mini sakatariya, wai ma'aikaciyar jinya ta saba da rubutu. Mu goma sha uku ne a kwamiti har yanzu, da shugaban mahauta, da shugaban masu babur, da shugabar matan kasuwa, da hedimastan firamare, da sauran waɗanda ka sani.

Abin da ya fi damunmu bana shi ne bolar bayan firamare. Lokacin da kake nan ɗan tudu ne, yanzu ta kai tsayin katangar makarantar, har ta fara zubowa ciki. Kusan kullum da safe sai wani ya cinna mata wuta, hayaƙin kuma ba inda yake shiga sai ajin 'yan aji ɗaya da aji biyu, don tagoginsu can suke kallo. Ni ce a ƙaramin asibitin unguwa, ni nake ganin abin da ke biyo baya. Watan jiya malamar aji ɗaya ta shigo mini a guje, ba ko takalmi, da 'yar telan layinmu a kafaɗarta. Yarinyar numfashi ya ƙi fita, leɓenta ya sauya kala. Na kwantar da ita, na yi ta fama har numfashin ya dawo. Allah ya sa da sauran kwananta. Takarda huɗu muka rubuta wa hukumar gari a kan bolar nan, ko ɗaya ba a amsa ba.

Shi ya sa muka zauna muka tsara ayyuka uku na watan gobe. Asabar ta farko akwai bita, wani tsohon lauya ya yarda zai koya wa shugabanni yadda ake rubuta koke, da yadda ake sa a buga maka hatimi a kwafinka, da ofishin da za ka koma in an yi shiru. Mako na biyu za a yi zagayen unguwa da ƙafa tare da jami'an hukuma, a fara daga asibiti, a bi ta layin bola, a ƙare a makaranta. A ƙarshen wata kuma a yi taron tambaya da amsa a filin makarantar, kowa ya zo, mai tambaya ya ɗaga hannu. Kafin jami'an nan su yarda za su zo, sai da na yi sawu bakwai a ofishinsu, ina zama a kan bencin ƙofa har masinjan wurin ya fara tambayata lafiyar yara. Kwamiti ya amince da tsarin, na rubuta shi da hannuna, na kai wa mai buga takardu.

Ranar Litinin na biya karɓowa. Sai mutumin ya miƙo mini wasu katuna masu sheƙi, da hoton abokinka a sama ya sha babbar riga yana murmushi. Na ce masa ya yi kuskure, ba nawa ba ne. Ya sosa ƙeya ya ce ai Shugaba ne ya zo da kansa ya ce an sake shawara, shi ya ɗauka na sani. A tsaye na karanta, Yaya. Bita babu ita, an share. Zagayen an mai da shi ya tashi daga ƙofar kantin taya, ya bi sabuwar kwalta, ya leƙa ƙofar kasuwa da aka yi wa fenti, ya tsaya a otal. Taron tambaya da amsa ya koma ɗakin taron otal ɗin, ba mai shiga sai da kati, katin kuma sittin ne kacal, mai tambaya ya rubuta ya kai wa Shugaba kwana uku kafin ranar. Sannan a wurin za a ba shugaban sashen tsafta na hukumar gari lambar yabo, wai saboda ƙoƙarinsa na tsabtace gari. Mutumin da takardunmu huɗu suke kwance a teburinsa. A can ƙasa kuma an rubuta cewa sanarwa daga sakatariya, ga sunana ɓaro-ɓaro.

Ban koma gida ba, kantinsa na wuce. Na same shi a kan kujerar roba tsakanin tayoyi, rediyo a cinya. Ya tarbe ni da fara'a, yana ta ƙanwata ƙanwata, ya ce a kawo mini lemo, na ce na ƙoshi. Na dire masa katin na tambaye shi wane kwamiti ne ya zauna a kan wannan. Ya ce in kwantar da hankalina, ba komai ba ne, gyara ne kawai. Wai manyan mutane ba a jan su cikin hayaƙi da ƙuda, in ka kunyata su a gaban jama'a sun riƙe ka ke nan, amma in ka karrama su da kansu za su tuna da kai. Na ce to 'yar tela fa, ita wa zai tuna da ita? Ya ce ai yarinya ta warke. Na tambaye shi sunana da aka sa, ya ce ai girmamawa ce, da ya cire ni da na ce an raina ni. Ina fitowa idona ya sauka a kan rumfar da ya ƙara a gaban kantin, wadda ta ci rabin hanyar masu tafiya da ƙafa. An zana mata jan fenti, irin alamar da hukuma ke yi wa abin da za ta rushe. Ya ga na gani, ya shiga murɗa rediyo. Har na kai bakin titi ya ɗaga murya ya ce da Yayana yana nan da ya fahimci abin da yake yi, don kai ka san yadda ake tafiya da mutane. Wannan maganar ce ta fi tsaya mini a rai.

Na kira taron kwamiti ranar Alhamis da yamma a ɗakin malaman firamare. Sai da muka rufe tagogi saboda hayaƙi, muka zauna cikin zufa. Na karanta tsarin da muka amince da shi, na karanta na katin, ban ƙara ko kalma ba. Shugaban masu babur ya fara magana, ya ce shi yana da mutum fiye da ɗari uku a ƙarƙashinsa, an ba shi kati biyu, yana so a gaya masa ko ƙuri'a zai jefa musu. Shugabar matan kasuwa ta ce ita ba ta iya rubutu ba, to tambayarta wa zai rubuta mata, kuma in an rubuta wa zai tabbatar mata ba a kwandon shara ta kwana ba. Shugaban mahauta kuwa ya goyi bayan abokinka, ya ce su ruwa suke nema wa mayanka a wurin hukuma, kada a ɓata musu da mutanen da suke lallaɓawa. Ban ji haushinsa sosai ba, don shi ya faɗi tasa damuwar a fili. Telan nan, uban yarinyar, ya zo, ko da yake ba ɗan kwamiti ba ne. Abokinka ya ce doka ba ta ba shi damar magana ba. Bawan Allah bai yi gardama ba, ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa da igiyar awonsa a wuya, har aka tashi yana nan. Duk wanda zai ɗaga hannu sai ya saci kallonsa.

Da aka zo ƙuri'a, bita ta dawo, zagaye ma ya koma layin bola, takwas da huɗu. Amma a kan otal da lambar yabo aka yi shida da shida, shi kuma ya raba gardama da tasa ƙuri'ar, wai an riga an aika wa manya katuna, janyewa abin kunya ne. Na ce to a cire sunana, in ba haka ba zan bi gida gida in faɗa wa mutane ban san da shi ba. Ya yarda da ƙyar, yana cewa ban taɓa yi masa haka ba. Gaskiya ne, shi ma bai taɓa yi mana haka ba. Da muka fito hedimasta ya ja ni gefe ya ce filin makaranta yana nan, in mutanen unguwa suna son su taru su yi tambayarsu washegarin taron otal, shi zai fito da bencuna, kuma zai rubuta wa jami'an gayyata da hannunsa. Mun tsaya a kan haka.

Abu biyu nake roƙonka. Na farko, ka gaya mini inda ka ajiye kundin dokokin ƙungiya na asali. Ina tuna akwai wurin da kuka rubuta cewa duk taron da aka yi da hukuma a buɗe yake ga kowane ɗan unguwa. Na duba akwatin ƙarfen da ke ɗakin Inna, ban samu komai ba sai tsofaffin takardun makarantarka, kuma na ga sakamakon lissafinka, za mu yi wannan maganar in ka zo. Na biyu, ka kira abokinka. Ba cewa na yi ka ci masa mutunci ba, na san abin da ke tsakaninku, kuma ban manta shi ya kai Baba asibiti a motarsa ba lokacin da kowa ya rasa yadda zai yi. Amma yana yawo da sunanka yana cewa da kana nan haka za ka yi. In haka ne ka faɗa mini da bakinka in sani. In ba haka ba ne, shi ya kamata ka faɗa wa. Maganar rumfarsa kuwa, in ya kawo ta kwamiti a fili kamar yadda shugaban mahauta ya kawo tasa, ni zan rubuta masa koken.

Jiya da safe abokin naka ya zo ya same ni a asibiti, ina tsakiyar yi wa jarirai awo. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce tunda an dage sai an bi ta layin bola, ko zan yi wa mutanen wurin magana kada a cinna wuta a safiyar ranar kawai, kuma ko zan taimaka masa da takunkumin rufe hanci guda goma saboda baƙi. Na ce masa shekara biyu muna roƙon a daina cinna wutar ba wanda ya saurara, ban ga dalilin da zan roƙa don safiya ɗaya ba. Takunkumi kuma ina da kwali ɗaya, na 'yan aji ɗaya ne, su arba'in da bakwai ne, bai ma ishe su ba. Ya ce Allah ya ba mu alheri, ya tafi.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce mata zanen da ta aiko ya iso, Inna ta riga ni ɗauka. Ka gaida babbar 'yarka da maigidanta, da 'yan biyu, da Kawu idan kun haɗu, ka ce masa Gwaggo tana cigiyarsa. Inna tana sa maka albarka, Auta da Baban yara da yaran duk suna gaishe ka. Allah ya tsare mana kai, ya sada mu da alheri. Ina sauraron amsarka kafin Asabar ta farko.

Taka har kullum,
Ƙanwarka ta asibiti.