Kai Ma Ka Ga Dusar Ƙanƙarar Nan, Haruna

Zuwa ga abokina Haruna,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma ba karatu ka iya ba, ni ma haka. Malam Sani mai rubuta wa mutane takarda a Bab Makka ne yake rubutawa, ni ina faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko ya sa mata zuma.

Haruna, ka tafi mini da shaidata. Wannan ita ce maganar, kuma ta daɗe a maƙogwarona. Mu biyu ne kaɗai a duk unguwarmu ta Nuzla a nan Jidda muka ga talji yana saukowa daga sama, abin da 'yan rediyon Hausa suke kira dusar ƙanƙara. Ni na faɗa, kai ka yi shiru. Ni aka mayar abin dariya, kai ka mutu da mutuncinka. Haka ake yi?

Bari in tuna maka, kada ka ce ka manta. Lokacin muna ɗaukar ruwa a kafaɗa, garwa gaba garwa baya, kafin famfo ya kashe mana sana'a. Kasuwa ta yi sanyi a wannan hunturun, sai muka bi wata babbar mota a matsayin 'yan dako, aka kai kaya arewa, har gaba da Tabuka, cikin duwatsu. Da safe ka tashe ni, kai da kanka, ka ce in fito in ga ikon Allah. Na fito daga ƙarƙashin tampol. Abu fari yana saukowa kamar audugar rimi, ba tsawa, ba ƙara, ba ya dukan mutum irin na ƙanƙarar da muka sani. Ya rufe duwatsu, ya rufe kan mota, ya kwanta a gemun direba. Muka tsaya baki buɗe kamar ƙauyawa. To ai ƙauyawan ne.

Ni da wayona na ce wa zai yarda da mu a Jidda? Na ɗauko garwata, na cika ta taf, na danna da hannu har yatsuna suka daina ji. Na ɗaure bakin da buhu, na naɗe ta da bargona yadda masu sayar da ƙanƙarar inji suke yi. Na yi ta rawar ɗari a bayan mota har Madina, garwa na cikin bargo ni ina waje. Da muka iso ban ko shiga gida ba, gahwar Amm Salih na nufa, shagon shayin nan da muke zama bayan la'asar. Na tara jama'a, na ce kowa ya matso. Na kwance buhu.

Ka san abin da ke ciki. Ruwa, rabin garwa, da ɗan tsatsa a sama.

Alhaji Mudi, abokin zamanmu, ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ma sha Allah, mai ruwa ya je har bakin Sham ya samo mana ruwa. Aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Na juya na kalle ka. Na ce Haruna, gaya musu. Ka sosa ƙeya, ka ce kai dai zazzaɓi ya rufe ka a hanya, ba ka san me aka yi ba. Daga ranar sunana ya koma Abu Talji. Jikokin Mudi ma haka suke kirana, suna zaton sunan yanka ne.

Ban taɓa tambayar ka dalili ba. Ka san halina. Na ce wanda ya yi laifi shi zai fara magana. Muka ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya, ka aurar da 'ya'yanka ina waliyyi, na yi jinyar matata kana zaune a ƙofa. Kowane hunturu ina jira ka buɗe baki, kai kuma kana hura shayi. Da muka kai ka makwanci, ina zuba ƙasa ina cewa a raina, yanzu fa shi ke nan, halas.

Labarin gida kuwa, lafiya lau. Majalisa tana nan yadda ka bar ta, ba aikin da muka iya sai duban sama. Mudi har yanzu da gwiwarsa yake auna hadari, in ta yi tsami ya ce ruwa na tafe. Gwiwar tsoho kuma yaushe ce ba ta tsami? Ni ina nan kan abin da ka koya mini, in azyab ta taso daga kudu, iskar nan mai ɗumi da ke sa riga ta manne a baya, to a fara gyara indararo. Amm Salih ya sayi rediyo ya kafa a kan kanta, yanzu da an zo labarin yanayi kowa sai ya yi tsit kamar ana huɗuba.

Kwanakin baya mai rediyon ya ce za a yi ruwa a Jidda. Duk unguwa aka fito da duro da baho da tukwane aka jera ƙarƙashin indararo, mata suka kwashe shanya. Ko ɗigo. Da ya ce sama za ta yi garau kuwa, ranar ruwa ya ɓalle, lungunmu ya koma kogi, takalmin Mudi ɗaya ya bi ruwa har yau ba a gan shi ba. Da kana nan da ka yi dariyar nan taka da ba ta fita sai kafaɗu su yi ta rawa. Kujerarka ta kusa da taga ba wanda ya hana a zauna, amma dai ba a zama.

To yanzu mai rediyon ya zo da sabuwa. Ya ce sanyi mai tsanani na gangarowa daga Sham, kuma akwai ihtimalin talji a duwatsun arewa. Da kunnena na ji. Na miƙe tsaye na ce to, kun ji? Mudi ya ce zauna ya shekh, mutumin da bai san ruwan da ke bisa kansa ba shi zai san na Tabuka? Na tambayi Amm Salih mene ne ihtimal ɗin nan takamaimai. Ya ce wato ko a yi ko kada a yi. Haruna, wannan ai ni ma na iya. A kan wannan ake ba mutum kujera da fanka? Tun ranar kullum muna gaban akwatin nan. Yau ya ce sanyin ya matso, gobe ya ce ya karkata gabas. Majalisa ta rabu biyu, masu cewa za a yi talji da masu cewa ba za a yi ba, har an yi alkawarin wanda ya faɗi zai sayi mutabbaƙ, fanken nan na Larabawa mai nama a ciki, ya ciyar da kowa.

Amma ba wannan ya kawo ni wurin Malam Sani ba. Shekaranjiya na je gaida mai ɗakinka Asabe, na kai mata ɗan dabino. Tana bayan labule muna taɓa hira, na ce mata ana ta maganar talji a gari. Sai ta ce Allah sarki, Malam da yana nan da ya ji daɗi, wato kai ke nan. Na ce daɗin me? Ta ce ai duk sanyin duniya sai ka ba su labarin nan a ɗaki. Wai ka ce ka dunƙula shi ka jefe ni a ƙeya. Wai ka sa a baki ka ji kamar haƙoranka za su zube. Wai ba ka taɓa ganin safiya mai kyau irin wannan ba, kuma ba ka so ka gan ta da kowa ba sai da ni.

Na riƙe finjalin gahwa har ya huce a hannuna.

Ashe kana faɗa, Haruna. Matarka ta sani, 'ya'yanka sun sani, bangon ɗakinka ya sani. Ni kaɗai ka hana, a wurin da nake bukata. Na roƙi Asabe ta aika wa Mudi da wannan magana, ta ce haba Alhaji, ita da ke cikin takaba ina ita ina aika saƙo gahwar maza a kan wasan yara. Wasan yara! Ba ta san nawa ya ci mini ba.

Na yi ta juya abin. Tsoron bakin Mudi ne? Kai da ka taɓa tsayawa gaban ɗan sanda a kan jakin wani? Ko gani ka yi abin ya fi ƙarfin gahwa, ba ka so a sa masa dariya, sai ka bar ni na sha ni kaɗai? In haka ne me ya hana ka ja ni gefe ka gaya mini? Da na haƙura. Wallahi da na haƙura, ko da ban nuna ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba: ni ma ban ga safiyar da ta kai wannan ba. Kuma ko lokacin da nake fushin, in ka makara zuwa majalisa idona na kan hanya.

Usman direba, Bahaushen Sudan ɗin nan da ke unguwar Ammariyya, zai ɗauki kaya zuwa Tabuka bayan Juma'a. Ya ce in ina so akwai wuri a gaba. 'Yata Hauwa ta ce da wannan tarin nawa ba inda za ni, ta ɓoye mini jakata. Za ni. Na ce wa Mudi ya zo mu tafi ya gani da idonsa, ya ce gwiwa. Na ce to ya ba ni surukinsa ya zama shaida, ya yarda. Watakila mu je mu tarar da duwatsu tsirara, mai rediyo ya sake yin halinsa, in dawo a ƙara mini wani sunan. Na sani. Amma zama ina jiran wani ya gaskata ni ya ishe ni.

Abin da ya rage tsakanina da kai tambaya ɗaya ce, kuma ba na janye ta. Me ya sa ka yi shiru? Ka zo mini a mafarki, ko ka sa Asabe ta tuna wata kalma da ka bari, ko wani cikin 'ya'yanka ya zo ya zauna ya gaya mini. Ban damu da ta bakin wa za ta fito ba. Na yafe maka, kada wannan ya tsare ka a can, amma yafiya daban, amsa daban. Wani ya amsa mini kafin in iso inda kake, don in na iso ban ji ba, da ita zan fara kafin gaisuwa.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya haɗa mu a inda ba zafi.

Naka da bai gama magana ba,
Garba mai ruwa, Nuzla, Jidda.