Zaurena da Ayarin Gamzaki

Unguwar Shanu,
Kaduna.

Zuwa ga jikata, amaryata Mansura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Rilwanu, wanda har yau ban yafe masa ƙwace min ke da ya yi ba, da kuma ɗan ƙaramin abokina Kabir. Allah Ya ba ki sa'ar karatun da ya kai ki Maleshiya, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta, Ya dawo mana da ku lafiya. Za ki ga rubutun yana hawa yana sauka, ki yi haƙuri, hannun ne ya soma rawa, ido kuma sai da tabarau da hasken hantsi. Binta, 'yar ƙanena da ke kawo min abinci, ita za ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta tura miki. Ta ce me zai hana in yi magana kawai a naɗa, na ce mata mutumin da ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya ba zai aika muhimmiyar magana da baki ba.

Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan da halinta, wata rana ta bar ni in je masallaci, wata rana ta ce sai dai a zaune a ɗaki. Mahaifinki Ja'afaru ya zo daga Abuja a watan jiya, ya duba ni, ya koma washegari saboda aiki. Gwaggonki Halima ta Katabu ta tare a sabon gidanta, ko da yake ba a gama shafe ba. Damina ta yi kyau bana, mangwaron da kakarki Zuwaira, Allah Ya jiƙanta, ta dasa a tsakar gida ya yi reshe har ya leƙa gidan maƙwabta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna lokacin da kika gaya min cewa ke ce kike rubuta labarin nan na waya, Ayarin Gamzaki, da sunan 'Yar Fatake, kika sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba? Na riƙe alkawari. Amma gaskiya a lokacin na ɗauka irin wasan yara ne, ban ko nemi in ji shi ba. Abin da ba ki sani ba shi ne labarin naki ya biyo ni har zaurena. Tun da mahaifinki ya sa min sola, mutanen layinmu suka riƙa kawo wayoyinsu caji idan an ɗauke wuta. Da farko ajiyewa suke yi su tafi. Sai wata Asabar bayan la'asar Zakariyya, maƙwabcin nan nawa da ke aiki a sakatariya, ya zo da 'yar sifika, ya nemi izini su saurari wani abu kafin wayoyin su cika. Ina kishingiɗe a kan buzu, sai na ji muryar mai karatu tana cewa jirgin ya bar duniya a baya, ta koma kamar ƙwayar gero a cikin faifai baƙi, madugu kuma ya umarci jagaba ya duba hanya.

Mansura, tashi na yi zaune. Ina saurayi a gidan waya lokacin da rediyo ya ce Turawa sun taka wata, kuma na tuna yadda dattawan unguwa suka ce ƙarya ce, mu 'yan boko muka yi ta musu da su alhali mu ma zuciyarmu ba ta gama yarda ba. Tun daga ranar, a ganina sararin sama wurin wasu ne, da harshen wasu. Ban taɓa zaton zan rayu in ji an ce wa mutum sannu da aiki a tsakanin taurari ba. Ga mata suna daka a cikin jirgi, ga masu lissafin inda alƙibla ta koma, ga yaran da aka haifa a hanya suna tambaya wai mene ne kogi. Da aka zo wurin da ayarin ya sauka a wata duniya, madugu ya hana kowa taɓa ruwan wurin sai da shi ya fara kurɓa, sai na ji hawaye yana bin gemuna. Ni na ba ki wannan, kina ƙarama kina wasa da carbina, daga labarin kakana da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Na faɗa miki ne don ki yi shiru ki bar ni in huta. Ashe ɗauka kika yi kika kai shi inda ko a mafarki ban taɓa zuwa ba. Zakariyya ya tambaye ni lafiya, na ce masa hayaƙin maganin sauro ne.

Daga ranar zauren nan ya rayu. Kin san yadda gidan ya zama bayan rasuwar kakarki, sai in wuni ban ji muryar kowa ba in ba ta Binta da ta ladan ba. To yanzu kowace Asabar tabarmi ba sa isa. Akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai masu shago, akwai Tijjani direban da ke lodin Zariya a tashar Kawo, wanda kan bar layinsa ga wani don kada a fara ba shi. Har na'ibin limaminmu yakan tsaya a bakin ƙofa kamar mai wucewa, sai an gama ya wuce. Nakan sa a sayo goro, a dafa shayi. Suna nuna min zanen mutanen jirgin da matasa ke yi a waya, sun ce har wani kamfani yana so ya mai da labarin fim. Ni dai ina zaune a tsakiyarsu ina jin ana cewa 'Yar Fatake kaza, 'Yar Fatake kaza, wasu na rantsuwa tsohuwar farfesa ce, wasu na cewa ai namiji ne ya ɓoye, ina tauna gorona ina kallon rufi.

Rigimar ta taso ne a ƙarshen littafi na huɗu, inda kika sauke ayarin a duniyar nan mai rana biyu da ruwa mai daɗi, sannan saƙo ya iso daga gida cewa farin da ya kore su ya wuce, ruwan sama ya dawo, ƙasa ta warke. Nan zaurena ya rabu, 'yan Komawa da 'yan Zango. Tijjani ne shugaban 'yan Komawa. Ya ce shi direba ne, kuma motar da ta fita ba ta dawo tasha ba, sunanta ɓatacciya, ko da a Makka ta tsaya. Ya ce mutanen nan sun bar kaburburan iyayensu, wa zai riƙa kai musu ziyara? Zakariyya ya ce wannan tunanin mai lodin Zariya ne, wanda duk tafiyar da ta wuce Katabu sai ya fara kewar tuwon gida. Ya ce Kadunan nan da muke zaune ai zango ce, kakanninmu suka zo aikin jirgin ƙasa da na gwamnati da niyyar komawa, ga shi jikokinsu sun cika gari. Tijjani ya ce to in haka ne me ya sa duk Sallah Zakariyya ke roƙonsa kujerar gaba zuwa ƙauyensu, har yana barin wasiyya a kai shi can in ya mutu? Aka yi dariya har tela ya ƙware da shayi. Ni kuwa mamaki ya hana ni dariya: manyan mutane masu iyali, jijiyar wuya a tashe, a kan mutanen da suka fito daga kan yarinyar da na goya.

Da abin ya tsaya a raha da ban rubuto ba. Amma mako na bin mako maganar tana ƙara zafi, aka koma gori, aka taɓo asali. Tijjani ya ce wa Zakariyya ɗan boko marar tushe, Zakariyya ya mayar masa da abin da ba zan rubuta ba. Suka daina gaisawa, ko a masallaci kowa ya canza sahu. Binta ta ce min a waya abin ya fi haka muni, har ke ake zagi, kowane ɓangare na cewa in ba ki bi nasu ba kin ci amanar masu karatu, ko kuma kamfanin fim ya saye ki. Sai ga sanarwarki cewa kin ajiye alƙalami, ba za ki ci gaba ba. Asabar ɗin da ta biyo na sa an shimfiɗa tabarmi, an dafa shayi. Ba wanda ya zo. Na zauna har aka kira magariba, shayin ya huce, na ce Binta ta kai wa masu gadi.

Da gari ya waye na yi abin da likita ya hana. Na ɗauki sandata, na tari keke napep, na tafi biko. E, biko, amaryata, a wannan shekarun nawa, kuma bikon ƙarti masu gemu. Rabona da Kawo an daɗe, gadar nan ta sama sai da na sa mai keke ya tsaya na kalle ta. Da Tijjani ya hango ni ina ratsa motoci, sai ya saki kuɗin fasinja a hannun yaron mota ya rugo ya durƙusa, yana cewa Baba me ya yi zafi haka, ai da aike ka yi. Na ce masa aike na masu laifi kaɗan ne. Shi ya mai da ni gida da motarsa, fasinjojin Zariya suna ciki suna jira. Zakariyya kuwa a ƙofar masallaci na tare shi, na ce tun da shi ɗan Zango ne, ga zango nan a zaurena, ban ga dalilin ƙaura ba.

Jiya Asabar duka suka zo. Aka zauna, wannan na kallon gabas, wancan na kallon yamma. Zakariyya ya ajiye sifikarsa a tsakiyar tabarma bisa sabo, sai a lokacin kowa ya tuna babu abin da za a kunna. Can sai Tijjani ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi ma yana cikin waɗanda suka rubuta wa 'Yar Fatake magana marar daɗi, kuma da ya san inda take da ya je ya ba ta haƙuri, ko da za ta bar mutanen a duniyar mai rana biyu har abada. Zakariyya ya ce shi yanzu ko juya jirgin ta yi ya yarda, muddin a ji abin da ya samu yaran da aka haifa a hanya. Tela ya ce to tun da labari ya mutu, sai kowa ya kama gabansa, a riƙa gaisawa a hanya. Na ga sun fara laluben takalma.

A nan ne bakina ya riga ni. Na ce kowa ya dawo Asabar mai zuwa, za a ji ci gaban Ayarin Gamzaki a zauren nan in Allah Ya yarda. Suka juyo gaba ɗaya. Zakariyya ya ce Baba a ina ka ji, ai ko a waya ba a faɗa ba. Na ce ban ji a ko'ina ba, na dai faɗa. Ban ambaci sunanki ba, ban ce na san ki ba, alkawarinki yana nan. Amma mutanen unguwar nan ba su taɓa kama ni da magana biyu ba, don haka suka yarda, har Tijjani ya ce shi zai kawo goron wannan karon.

To kin ji inda na kai kaina. Ba zan ce miki ki mai da su gida ko ki bar su a can ba. Da safe in na tuna kabarin kakarki sai in ji ni ɗan Komawa ne, da yamma in na dubi gidan nan da na gina a garin da ba a haife ni ba sai in koma ɗan Zango. Wanda Allah Ya ba shi kan da ya ƙago rana biyu ba ya bukatar shawarar tsohon ma'aikacin gidan waya. Na san zagin ya yi miki ciwo, kuma kina da gaskiya. Sai dai na ga fuskokin masu zagin da idona, ba ƙiyayya ba ce, so ne ya yi musu yawa har ya rasa hanyar fita. Ni kuma ba ni da ƙarfin jiran sai ranki ya huce a hankali, kin san jikin ba kamar da ba. Ko shafi ɗaya ne ki rubuta, ko da madugu zai zauna ne kawai a bakin ruwa yana tunani. Mu ma nan zama za mu yi mu saurare shi.

Ki gaishe min da Rilwanu, ki ce ya karɓi Kabir ya ba ki wuri ki yi rubutu, in ya yi haka zan duba batun yafiya. Ki shafa min kan Kabir. Gwaggonki Halima tana gaishe ki, Binta ma haka, ta ce a gaya miki ita 'yar Zango ce amma kada ki ji tsoronta. Na riga na ce mata ta wanke manyan kofuna, ta aro tabarma a maƙwabta, don na san ranar Asabar wurin ba zai isa ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara buɗa miki.

Ni ne tsohon angonki,
Malam Ila Shu'aibu.