Kuɗin Kwalekwale

Litinin, 3 ga Maris

Auta ce ta ja mini. Wai tunda kasuwa ba ta tafiya, in daina zaman korar ƙuda a shago, ta sa mini wasan gona a waya. Ki shuka, ki ba da ruwa, ki girbe, ki ciyar da dabbobi. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba, yau ga ni da fili guda na tumatir.

Ba don komai na yarda ba sai don Yaya ma tana yi. A cikin wasan gonarta na tsallaken kogi, daga tawa ina hango rufin bukkarta da kan bishiyoyi. Rabona da ganinta ido da ido tun rasuwar mijinta. Garinsu da nisa, kuma in muka yi waya ba a daɗewa sai mun yi faɗa.

Laraba, 5 ga Maris

Na buɗe da safe na tarar an ba tumatirina ruwa, an bar mini saƙo a bakin ƙofa: "Raguwa."

Yaya ce. Ashe kwalekwale ake saye, mai shi ya tsallaka gonar ɗan uwansa ya yi masa aiki. Kuma da kuɗin gaske, da katin banki. Na duba, kuɗin labule biyu masu kyau. Na kira ta na ce, "Yaya, kin dai taya?" Ta ce, "In taya wa wa? Waya ce." Kuɗin farko ta biya, ko gezau.

Tun ina budurwa nake sayar da labule da zanen gado. Matan layinmu in za su sayi kayan ɗaki ni suke ɗauka in yi musu ciniki. Ban taɓa biyan kuɗin farko ba, ko na allura. Na faɗa mata. Ta ce, "To ki zauna can. Ni dai na fita haƙƙin zumunci, ƙarama ce ta ƙi zuwa gaishe da babba."

Juma'a, 7 ga Maris

Yaya ta sayi jaki ta sa masa sunana. Daga nan ina hango shi a bakin ruwa.

Asabar, 8 ga Maris

Na yanke shawara. Kowane mai kaya, in ka juya masa baya ka fara tafiya, sai ya kira ka. Zan rufe wasan in ƙi leƙawa. Baban su Auta ya ce waya ba ta san an juya mata baya ba. Na ce shi da ya taɓa sayen fanka aka ba shi gyaran batir ya dawo yana godiya, ba shi zai koya mini ciniki ba.

Talata, 11 ga Maris

Sun kira ni!

Ina cikin auna wa wata mata yadi waya ta yi ƙara. "Gonarki na kewarki. Dawo yau, mun rage miki kashi ɗaya cikin uku a kan kwalekwale." Har da hoton saniya tana hawaye. Na kai wa Mai Takalmi, maƙwabciyata a kasuwa, ta gani da idonta. Da yamma na nuna wa Baban su Auta, ya ce ikon Allah, ya koma kan rediyonsa.

Ban saya ba mana. Wanda ya rage kashi ɗaya da bakinsa, akwai sauran ragi a cikinsa. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. An daɗe ban samu abokin ciniki mai kunya irin wannan ba.

Tumatir dai bai mutu ba, Yaya na zuwa kullum.

Alhamis, 13 ga Maris

Raina ya ɓaci yau. Mai Takalmi ta sa wasan jiya jiya, ta kawo mini wayarta, kwalekwale ɗaya, launi ɗaya, nata ƙasa da rabi. Wai "farashin sabon zuwa". Ni da na riga ta, ni za a yi wa tsada?

Na kira Auta a wurin aiki. Ta ce haka suke yi, kowa da farashinsa, suna duba irin wayarka da yawan shigarka da abin da ka taɓa saye. Na ce wannan ai zalunci ne, a kalli mutum sannan a yanka masa kuɗi. Mai Takalmi tana gefe ta ce, "Ke ba takalmin mutum kike kallo kafin ki faɗi kuɗin labule ba?" Na ce wannan daban, ni ina gaisawa da mutum tukuna. Ta ce wanzami dai ba ya son jarfa. Ban kula ta ba har aka tashi.

Asabar, 15 ga Maris

Rabi. Sun sauko rabi, sun sa agogo ja yana ƙirgawa, wai gobe da yamma ragi ya ƙare. Agogo! Ni ma nakan ce wa mai saye saura ɗaya, alhali akwai dila guda a bayan kantar shago.

Yaya ta kira. "An ce an yi ragi, ki saya ki zo ki ga gonata." Na ce ta bari agogon ya ƙare, za su zo da kansu suna roƙo a kashi ɗaya cikin huɗu. Sai ta ce ranar Talata za a yi mata aikin ido, yanar nan da ta daɗe tana damunta. Na ce Allah ya sa a yi a sa'a, me ya sa ba ta faɗa da wuri ba. Ta ce, "Na so ki zo ne in faɗa miki a gona." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Agogo ya ƙare. Ina jira.

Litinin, 17 ga Maris

Ya koma kuɗin farko. Ba saƙo, ba saniya mai hawaye. Na rufe na buɗe, na rufe na buɗe, ko za su ji kunya. Auta ta ce, "Mama, sun ga kina leƙa kwalekwalen nan sau ba adadi a rana. Sun san kin ƙwallafa rai." Abin da nake hana matan layinmu ke nan, kada ki shafa kaya sau biyu a gaban mai shi.

Laraba, 19 ga Maris

An yi aikin lafiya, alhamdulillahi. Babbar 'yarta ce ta kira. Likita ya hana Yaya kallon waya har mako biyu. Na ce to ita 'yar ta riƙa ba gonar ruwa. Ta ce, "Inna, ta kulle wayar ta sa ƙarƙashin matashi. Wai za mu ɓarnatar mata da iri."

Yau da kaina na ba tumatir ruwa. Ban san aikin yana da yawa haka ba. Ba saƙo a bakin ƙofa.

Juma'a, 21 ga Maris

Bishiyoyin tsallake sun fara yin rawaya. Jakin yana tsaye a bakin ruwa, an sa masa alamar kwano a ka, wato yunwa. Mai Takalmi ta ce a wasan nan dabbar da aka bari da yunwa takan gudu, gona kuma ta koma jeji, sai a sake daga farko. Yaya ta fi shekara tana gina wannan gonar. Tun da gidan ya zama ita kaɗai da rana.

Na rubuta wa masu wasan a wurin da suka ce a kai kuka. Na gaishe su, na ce ni 'yar kasuwa ce kamarsu, a mayar mini da rabin nan, ciniki ya faɗa. Suka amsa nan take: sun gode da saƙona, in ba su taurari biyar.

Asabar, 22 ga Maris

Na gwada juya baya. Ban kai azahar ba na leƙa. Jakin ya kwanta.

Wata ta zo sayen zanen gado, ta taya, na ce albarka, ta juya ta tafi. Na manta ban kira ta ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Baban su Auta ya ce, "Ki saya mana, ni zan biya." Na ce ba maganar kuɗi ba ce. Ya ce to maganar me ce? Na ce ya rage ƙarar rediyo.

In Mai Takalmi ta ji na biya kuɗin farko bayan na ƙi rabi, na shiga uku a kasuwar nan. Har jikokina sai an ba su labari.

Litinin, 24 ga Maris

Na saya. Kuɗin farko, cif. Na shiga bayan kanta tsakanin dilolin labule na danna, kamar mai shan magani a ɓoye.

Na tsallaka. Na fara ba jakin abinci, ya miƙe ya yi kuka, mara kunya. Na ba bishiyoyi ruwa, na kwashe ƙwai, na cire ciyawa. Gonar ta fi yadda nake hangowa girma, komai a jere, irin yadda take jera kwanuka.

A bayan bukkar, inda ba a gani daga tsallake, akwai 'yar rumfa da kujeru biyu suna kallon kogi. Kujerun ma da kuɗi ake sayensu, na san kuɗinsu, na sha ganinsu a shagon wasan ina cewa wane mahaukaci ne zai sayi kujerar da ba za a zauna a kai ba. Biyu ta saya.

Na daɗe a wurin. Wata ta yi ta sallama a bakin shago ban ji ba.

Laraba, 26 ga Maris

Yau wasan ya cika shekara biyu da fitowa, an karya farashin komai. Kwalekwale ya koma kuɗin ƙullin zare. Mai Takalmi ta shigo da gudu ta ce, "Haƙurinki ya biya, maza saya." Na ce zan duba. Ta leƙa wayata ta ga kwalekwale ɗaure a bakin gonata. Ta dube ni, na dube ta. Zuwa la'asar har masu sayar da bokiti a ƙarshen layi sun sani.

Abin mamaki, na nemi ɓacin ran a cikina ban same shi da yawa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

'Yar ta haɗa ni da Yaya, ido a ɗaure, baki a sake. Na ce jakinta na nan da rai, ya ci ya ƙoshi. Ta ce, "Nawa kika saya?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Kuɗin farko ke nan." Na ce layin ba ya da kyau, ba na jin ta sosai. Ta yi ta dariya har 'yar ta ce ta bari kada ɗinkin ya motsa. Kafin a kashe ta ce, "Kin zagaya baya?" Na ce na zagaya. Sai 'yar ta karɓi wayar.

Ragin ya ƙare jiya, komai ya koma yadda yake. Rumfar nan ba fitila, in rana ta faɗi a wasan duhu take yi, kuma mai sabon ido ba ta son duhu. Akwai wata 'yar fitila a shagon, tsada kamar me. Na san in na jira mako ɗaya za su sauko.

Hannuna ne ya taɓa. Na rataye ta a tsakanin kujerun.