Kukan mutanen Hillat Almu kan bas da aka hana tsayawa

Zuwa ga: Mai girma Mufattish (Sufeto), Majalisar Karkara, Sinnar
Daga: Abdulmuttalib ɗan Gado, a madadin dattawan Hillat Almu
Rana: 9 ga Maris, 1965

Game da: Ɗauke tashar bas daga ƙofar garinmu

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ga kukanmu:

1. Garinmu ɗan ƙarami ne tsakanin Wad Haddad da Makwar, kogi gabas, hanyar mota yamma. Ba kasuwa, ba asibiti. Da safe mu nufi gonakin auduga, da yamma mu komo. Kakanninmu masu tafiya Makka ne a ƙafa. Nan sunka sauke kaya, sunka bar mana wasiyya cewa baƙo ba ya wucewa da yunwa.

2. Saboda haka, in bas ɗin Madani ya tsaya gindin tsamiya, mata kan fito da tuwon dawa da fura, a shimfiɗa tabarma. Ba sayarwa muke ba.

3. Ran 2 ga Fabrairu aka sanar da mu direba Mahmud ya kai ƙara, wai fasinjoji suna sauka su ƙi tashi, bas na isa Sinnar a makare. Sai aka mai da tashar can gadar babbar magudanar ruwa, nesa da gari. Ranka ya daɗe, ba tonon asiri ba, amma Mahmud ɗin nan shi ke fara wanke hannu, shi ke ƙarshen tashi. Har yaji yakan tambaya.

4. Abin da ya fi sosa mana rai shi ne ran 28 ga watan. Naƙuda ta yi wa Ma'u matar Salihu gardama, Dije ungozoma ta ɗora ta bisa jaki cikin zafin rana don su tari bas zuwa asibitin Sinnar. Suna hango gada bas ya wuce. Nan gindin gada aka haihu. Allah ya rufa asiri, uwa da ɗiya lafiya, amma wallahi mun tsorata.

Don haka muna roƙon a maido da tashar. Mun yi shawara mun yarda: ba tabarma, ba sauka. Ta taga za mu riƙa miƙa kwanoni, a komo da su washegari. Hana tuwon dai ba mu iyawa.

Muna roƙon a gaggauta, don Mero matar Audi ta shiga watanta, jariri kuwa ba ya jiran sa hannun ofis.

Allah shi ƙara girma da lafiya.

Naka mai biyayya,
Abdulmuttalib ɗan Gado