Askirim ɗin da Ya Narke a Hannunki

Zuwa ga Haulatu, sanyin idona, inuwar tsamiyata, ruwan farkon damina a gonar zuciyata.

Sallama da gaisuwa irin ta wanda aka sauke wa kaya. Yau na ci tuwo har na nemi ƙari, Inna ta tsaya tana kallona kamar an canja mata ɗa. Ke kika hana ni ci, ke kika dawo mini da shi, duk ba ki sani ba.

Kin tuna yammacin da na kai ku shagon askirim na Haladu a bakin titin Kankia, ke da yayarki Adda Karima? Mai tsire na fifita wuta, mai masa na juyi, motocin Katsina na ta hon, ni ko ke kaɗai nake gani. Na zaɓa miki na kwakwa don shi ne sarkin shagon. Na ayaba zaƙinsa ya yi yawa. Adda Karima ta share nata har tana kankare roba. Ke kuwa kika riƙe naki, kika sunkuyar da kai, ko cokalin ba ki taɓa ba. Ina kallo yana narkewa yana bin yatsunki masu lalle, ni ma ina narkewa ta ciki. Wayyo ni Dalhatu! Wace mace ce za ta ƙi abin sanyi a tsakiyar bazara, in ba mai bayarwar take ƙi ba?

Haka na koma garinmu Rimaye. Duk wanda ya tambaye ni shagon Haladu sai in ce ruwa ne da sukari, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Saura ƙiris in ce wa Kawu Hussaini ya fasa kai goron tambaya rugarku ta Kaikai.

Sai jiya na yi kiciɓis da Adda Karima a tasha, da ƙwaryar nono a kai. Da na zayyana mata baƙin cikina, ta yi dariya har sai da ta sauke ƙwaryar. Ta ce fulako ne: a gidanku mace ba ta kai hannu baki a gaban wanda ta yarda ya aure ta, balle a bakin titi, kuma da kin lasa, da ta san a ɗan'uwa kawai kika ɗauke ni. Ta ce kin rufe robar da gefen mayafi har gida, kin zaga bayan bukka kin shanye shi ruwa tsululu, da ɗuminsa, kin hana kowa ɗanɗanawa. Ta ce robar tana nan a wanke, kin jera ta cikin ƙorenki.

Alhamdulillahi! Ashe amsata ce take zuba a yatsunki, ni ina can ina makoki? Tauraruwata, kindirmon safiyata, ki yafe wa ɗan manomin da ya san shuka bai san fulako ba.

Kawu yana nan tafe da goron. Ni kuma zan fara da wanke Haladu a bakin mutane. Ranar da aka kawo ki ɗakina, zan ajiye miki na kwakwa cikin ƙanƙara, in fita in ja ƙofa. Ki sha shi da sanyinsa, in kin gama ki kira ni. Ina nan bakin ƙofa.

Naki, ba canji, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Dalhatu